Wa Zai Yi Maka Wanka a Can?

A iya sanina, ni kaɗai ne ɗalibin da ya taɓa sauka ƙasar Ingila da likkafani biyu a cikin adaka. Abokan tafiyata da muka shiga jirgin ruwa tare a Ikko, wani ya ɗauko yaji, wani kilishi, wani bargon da zai rufe ƙauye guda har da awakinsa. Ni ma na ɗauko irin waɗannan, amma a ƙarƙashinsu akwai farin alawayyo naɗi biyu, suna ƙamshin ɗakin mahaifina. Yadda aka yi suka shiga adakar nan shi ne yadda aka yi na zaɓi jami'a.

Zamanin Turawa ne, amma ya fara tsufa. Duk inda ka zauna maganar mulkin kai ake yi, gwamnatin Arewa kuma tana neman yaran da za ta tura waje karatu ido rufe, har in aka gan ka tsaye kusa da allo da alli a hannu sai a ce zo ka rubuta jarrabawa. Ni kuwa ina koyarwa a elementare ta garinmu, Birnin Gwari, bayan na gama kwalejin horon malamai a Zariya. Na rubuta, na ci. Baturen ilimi ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini 'yan littattafai uku, kowanne na wata jami'a ne tana yabon kanta. Ya ce in je gida in zaɓi ɗaya, in aiko masa da amsa tare da yardar mahaifina kafin ruwa ya sauka. Ya san hanyarmu. Da damina motar wasiƙu takan shiga taɓo a cikin dajinmu, ba a sake jin labarinta sai an fara yankan dawa. In amsata ta makara, gurbina na wani ne.

Abin da na ce zan karanta shi ne ilimin halayyar ɗan Adam: yadda hankali ke aiki, da abin da ke karya shi, da yadda ake ɗora shi in ya karye. Dalilina yana zaune a gidanmu a kan tabarma. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda duk gari ke kira Kofur. An ce kafin a ɗauke shi soja babu mai cire zuma a dajin nan kamarsa, kuma babu mai surutu kamarsa. In ya fara ba da labari a kasuwar Kuyello, Fulani masu nono sukan manta da ƙorensu har kindirmo ya yi tsami ya sake tsami. Aka kai shi yaƙi ƙasar Bama, can bayan Indiya. Ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, yana salla, yana noma 'yar gonar bayan gida, amma magana ta ƙare masa, kuma ba ya shiga daji. Ko duban dajin ba ya yi. A Birnin Gwari kuwa juya wa daji baya babban aiki ne, don duk inda ka juya yana gabanka. Kawu ya binciko kusurwa ɗaya a tsakar gidanmu inda katanga ce kawai a gabansa, nan ya shimfiɗa tabarmarsa.

Tun ina kwaleji na sami wani littafi a kan irin wannan ciwo, na karanta rabinsa, na dawo hutu ina jin kaina likita. Sai in zauna kusa da shi in sassauta murya.

"Kawu, idan ka dubi daji, me kake gani?"

"Itatuwa."

"To idan ka kwanta fa, me ke zuwa maka?"

"Barci."

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Da zan tara duk abin da na samu daga bakinsa, ba zai cika cokali ba.

Mutanen gari kuwa, da suka ji abin da zan je koyo, nan da nan suka gane, gane irin nasu. Suka ce Turawa za su koya mini fitar da iskoki. Kafin sati ya zagayo an naɗa ni Sarkin Borin Ingila. Mahauci ya ƙara mini tsoka, ya ce in na dawo in duba masa surukinsa. Wani Bafillatani ya tare ni a bakin kasuwa yana tambaya ko ilimin yana kama shanu, don yana da wata saniya mai yawan tunani.

Wadda ta fi kowa jin daɗin sarautar nan ita ce kakata, uwar mahaifiyata, uwar Kawu. Ta zo mana kwana biyu daga Kuyello tun ina aji uku, ba ta koma ba. Tun daga ranar mahaifina yake shiga gidansa kamar baƙo, yana tari tun daga zaure don surukarsa ta san yana tafe ta kauce. Ba su taɓa haɗa ido ba, amma babu shawarar gidan da ba su yi gardama a kanta ba, shi a shigifa, ita a tsakar gida, katanga a tsakani, ni ina kai saƙo ina kawowa duk da kowa na jin kowa.

A gabanta na fara baje littattafan nan uku.

Na farko, jami'a ce a wani tsohon gari a tsakiyar Ingila. Hasumiyoyi ne birjik, kowace tana neman tsokane sama. Ga ciyawa shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga, ga samari cikin baƙaƙen alkyabbu suna tafe da littattafai. Tun a motar dawowa daga ofishin Baturen na riga na ba ta zuciyata. Na ga kaina a gindin hasumiyar nan, hannu a aljihu, ina tunanin da ya fi ƙarfin mutanen Birnin Gwari.

Na biyu ta Masar ce. Kaka ta yi aikin hajji a ƙafa tun tana da ƙarfi, ta bi ta Sudan, saboda haka duk ƙasar da ke gabas tata ce. Ta karɓi littafin ta juya shi a kife, ta ce, "Wannan za ka, maigidana. Daga nan Makka ai taku ne. Ka yi karatun aljanunka da safe, ka yi ɗawafi da yamma."

Na ce, "Kaka, Bature ya ce wannan ya ba ni ne don in gani kawai. Ingila da Masar sun yi faɗa a kan wata mashigar ruwa, gwamnati ba za ta tura kowa can ba yanzu."

"To don me ya ba ka? Mutum ya nuna maka tuwo ya ce na kallo ne?"

Na uku ban ma tsaya dubansa sosai ba. Wani gari ne na bakin teku, inda jiragen ruwa daga Ikko ke tsayawa. Wanda ya ɗauki hoton bangon littafin, ina jin yana fushi da garin. Bututun hayaƙi ne jere, da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da sama baƙa kamar gindin tukunya. Ita kanta jami'ar kamar sito. Suna koyar da abin da nake so, har littafin ya ce akwai malamin da ya yi aiki da sojojin da suka dawo daga yaƙi, amma na ce ni ban bar hayaƙin murhun mahaifiyata don in je in shaƙi na Turawa ba. Na jefar da shi. Kaka ta tsince shi, ta ga girmansa daidai bakin ƙwaryarta ta nono, ta sallami faifanta daga aiki.

Da hantsi na sami mahaifina a shigifa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ni "kai" ne, in kuma yana magana da wani, "yaron nan". Tsohon farke ne. Tun yana saurayi yake bin ayarin jakuna zuwa Gwanja sayen goro, ta hanyar da ta ratsa dajinmu ta nufi yamma. Na durƙusa, na buɗe masa littafin hasumiya, na zuba bayani. Na ce sarakunan Turawa a nan suke karatu. Na ce littattafan da ke ɗakin karatunsu, in aka jera su za su kai Funtuwa su dawo. Ya duba hoton, ya yaba ginin, ya ce maginan sun san aiki. Sa'an nan ya rufe littafin.

"Wa za ka sauka wurinsa?"

"Baba, ai ba a sauka wurin kowa. Ɗaki ake ba ka, da lamba a ƙofa."

"Lamba," in ji shi. "To in ka mutu, wa zai yi maka wanka a can?"

Na yi dariya, don na zaci wasa ne. Na ce karatu za ni, ba mutuwa ba. Ya ce shi ma ƙanensa goro ya je saye.

Na san labarin, amma daga bakin Kaka, ba daga bakinsa ba. A wata tafiya ta Gwanja ƙanensa ya kamu da zazzaɓi. Ayari ba ya jira, madugu ya ce su biyo baya in ya ji sauƙi. Aka bar su biyu a wani ƙauye inda babu Musulmi ko ɗaya, babu wanda suka sani. Yaron ya rasu. Mahaifina bai taɓa ganin yadda ake wankan gawa ba. Ya yi yadda ya iya, ya naɗe shi a rawaninsa da rigarsa, ya yi masa salla shi kaɗai. Tun daga nan bai sake kwana a garin da bai san mai masaukinsa ba, kuma duk farken da ya zo neman shawararsa, kafin ya tambaye shi kuɗin goro sai ya tambaye shi wa ke wanke matattu a zangon da za shi.

Daga bayan katanga Kaka ta ce, "Gaya wa maigidan nan ni na ce Masar. Can masu wanka sun fi masu mutuwa yawa."

Mahaifina ya ce, "Gaya wa Hajiya an ce hanyar a rufe take." Ya juyo gare ni. "Ba na ba da ɗa ga garin da ban bincika ba. Nemo mini wanda ya taɓa zama a garin nan."

Allah da ikonsa, akwai shi. Baturen gandun daji, wanda ke yawo yana shafa wa itatuwa fenti yana hana mu sara, a garin hasumiyar nan ya yi karatu. A lokacin ya kafa tanti a cikin daji wajen Kutemeshi. Muka ɗaura wa jaki buhun guzuri, muka kama hanya da sassafe, mahaifina a gaba da sandarsa, ni a baya. Rabona da in ga yana tafiya haka tun ina yaro. Dajin ya bushe, ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ɗorawa ta fara zubar da 'ya'ya, birai na zaginmu daga sama. Shi kuwa sai nuna mini yake: nan ayari ke yada zango, nan akwai rijiya a da, nan wata jakarsu ta taɓa haihuwa. Ni ba saurara nake ba. Ina ta shirya aikin tafinta a zuciyata. Na ƙudura cewa duk abin da Baturen ya faɗa, kafin ya isa kunnen mahaifina sai na shafa masa zuma.

Muka iske shi a gindin wani maɗaci, ja wur kamar an gasa shi, yana shan shayi. Na gyara murya zan fara Turanci, sai ya miƙe ya ce, "Sannunku da zuwa, Malam. Ina gajiya? Ina labarin gida?" Hausa garau, irin ta littafi, wadda ko a Zariya sai ranar Juma'a ake jin ta. Zumata ta tashi a banza.

Suka gaisa har shayin ya huce. Mahaifina ya ba shi goro, ya karɓa da hannu biyu, ya ciza, ya daure. Sa'an nan aka shiga bincike.

"Garin naku, mutanen kirki ne?"

"Akwai na kirki, akwai malamai," in ji Baturen. Mahaifina ya yi murmushi, na ji daɗi.

"Ana cin abinci a ƙoshi?"

"Ana ci. Ƙoshi kuwa, sai wanda Allah ya ba."

"Akwai Musulmi?"

Baturen ya yi tunani. Ya ce akwai ɗalibai kaɗan daga Indiya da ƙasashen Larabawa, suna zuwa suna tafiya. Wanda ka gani bana, baɗi ya koma gida. Masu zama da iyali dai, a zamaninsa bai san ko ɗaya ba.

"To in yaron nan ya mutu, wa zai yi masa wanka?"

Na ƙifta masa ido, na ƙifta har idona ya yi ruwa. Bawan Allah nan ya ɗauka ƙwaro ne ya faɗa mini. Ya dafa ƙirji ya ce wa mahaifina ya kwantar da hankalinsa, ba za a wulaƙanta ni ba. Za a sa mini kwat mai kyau, a taje mini kai, a sa ni cikin akwati na katako mai daraja, har ya faɗi sunan itacen, don sana'arsa ce. Ya ce za a buga mini ƙararrawar hasumiya.

Mahaifina ya ce, "Kwat." Ya ce, "Akwati." Ya yi godiya ƙwarai, ya yi wa Baturen addu'ar gamawa lafiya, ya ɗauki sandarsa.

A hanyar dawowa bai nuna mini ko zango ɗaya ba. Sai da muka hango rufin gari ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mutumin nan mai gaskiya ne. Ba za ka ba."

Na shiga fushi irin na ɗan fari, wanda ba a yi da baki. Na daina cin tuwo a gida, sai dai in zagaya kasuwa in ci tsire a ɓoye, don fushi da yunwa ba sa zama tare a cikina. Ina zuwa makaranta ina koya wa yara lissafi da murya kamar mai karanta wasiyya. Kullum la'asar in na dubi gabas sai in ga hadari ya ƙara tudu. Iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Manoma na murna, ni ina ganin gurbina yana tafiya wurin wani ɗan Katsina. Mahauci ya daina ƙara mini tsoka.

Ranar nan bayan sallar la'asar ina zaune a tsakar gida na yi tagumi. Kaka tana dama fura a ƙofar ɗakinta tana tsokanata.

"Maigidana, tunda Ingila ta ƙi ka, sai ka zauna ka aure ni sosai. Ga aljanu nan a gari, ka fara da nawa."

Ta kira Kawu ya zo ya karɓi furarsa. Ya taso daga kusurwarsa ya durƙusa a gabanta, ta ɗauke littafin nan na garin hayaƙi daga bakin ƙwarya, ta miƙa masa ya riƙe mata don ta zuba nono. Duk ya sha maiƙo, gefensa ya nannaɗe. Kawu ya riƙe, ya duba hoton. Ta gama zubawa ta miƙo hannu, bai ba ta ba.

"Wane gari ne wannan?" Ni yake tambaya. Rabon da ya tambaye ni wani abu, har na manta.

Na faɗi sunan garin. Ya maimaita, amma ba yadda na faɗa ba, ya ja shi kamar yadda Balarabe zai ja. Ya sake maimaitawa. Sa'an nan ya zauna a ƙasa, littafin a cinyarsa.

"Da za a kai mu," ya ce, "a jirgin ruwa, akwai wani yaro mutumin Kusasu. Tare aka ɗauke mu. Zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar teku."

Kaka ta ajiye ludayi.

"Ya rasu da safe. Turawa suka ce za a ɗinke shi cikin tamfol, a busa bigila, a saka shi a ruwa. Mu duk yara ne, babu wanda ya iya wanka. Babu ƙyalle. Muna tsaye. Sai ga mutane sun fito daga ƙarƙashin jirgin, masu zuba kwal a wuta. Baƙi ƙirin da ƙura, idonsu kawai ake gani. Larabawan Yaman ne. Babbansu tsoho ne, ya nuna gawar ya ce, Musulmi? Muka ce Musulmi. Ya je wurin kyaftin, ban san me ya ce masa ba. Aka ba su wuri. Suka wanke hannuwansu, suka wanke shi. Tsohon ya sauka ƙasa ya dawo da farin ƙyalle. Nasa ne. Wanda yake yawo da shi don ranarsa."

Mahaifiyata ta fito daga madafa ta tsaya da muciya a hannu.

"Muka yi masa salla, sahu guda, mu da su. Bayan nan na tambayi tsohon ina gidansa. Da hannu, da ɗan Larabcin allo, da Turancin bariki. Ya ce nan." Ya ɗora yatsa a kan bututun hayaƙin nan. "Ya ce suna da unguwa kusa da inda jirage ke tsayawa. Suna da gidajen sauke baƙi, da liman, da wurin da suke binne nasu. Ya ce in Allah ya kai ni, in tambayi gidan masu kwal."

Sai muka ji tari daga shigifa. Ashe mahaifina yana nan tun ɗazu. Ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da Kaka ta zo kwana biyu: ya leƙo tsakar gida tana zaune. Ita ma ba ta kauce ba, ta ja gyale ta rufe fuska, kuma ba kunyar suruki ce ta sa ta ba.

"Kofur," in ji mahaifina, "da idonka ka ga wankan?"

"Da idona, Yaya."

"Ta gefen dama suka fara?"

"Dama. Suka yi masa alwala tukuna."

"Ka ci abinci da su?"

"Na ci. Shinkafa da wani yaji. Kwano ɗaya."

Mahaifina ya gyaɗa kai. A wurin fatake, shaidar wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da mutane ta isa. Ya miƙo hannu, Kawu ya ba shi littafin. Ya duba hayaƙin nan da ƙugiyoyin nan ya daɗe, kamar yadda ya duba hasumiya, har ya fi.

"Kai. Suna koyar da abin naka a nan?"

"Suna koyarwa, Baba. Amma ka ga garin fa, baƙi ne kamar..."

"Gini za ka karanta?"

Na ce a'a.

"To wannan gari ne, akwai mutane. Rubuta wa Bature."

Daga cikin gyale Kaka ta ce, "Gaya wa maigidan nan ya dawo mini da murfin ƙwaryata."

Na rubuta a ranar, mahaifina ya sa hannu da ajami, na kai tasha da kaina na tsaya har na ga motar ta shige daji. Ruwan farko ya biyo ta a baya. An ce ita ce mota ta ƙarshe da ta fita a shekarar da ƙafafunta, ta bayanta sai da shanu suka jawo ta.

Da tafiya ta matso, mahaifina ya kira ni shigifa. Ya ajiye naɗin alawayyo guda a gabana, ya ce wannan nawa ne, in ba mai masaukina ajiya ranar da na sauka. Ya ajiye na biyu, da ƙullin goro a kai. Ya ce wannan na masu kwal ne. Tsohonsu ya ba da nasa ga ɗan ƙasarmu, ba za a aika musu da yaro hannu sake ba.

A bakin teku, ma'aikacin kwastan ya buɗe adakata, ya wuce yaji yana atishawa, ya zaro ƙyallen nan ya ce na mene ne. Na gaya masa gaskiya. Ya dubi ɗaya, ya dubi ɗayan, ya dube ni, ya ce sau nawa nake shirin mutuwa a ƙasarsu. Na ce sai yadda na ga abincin.

Garin ya fi hotonsa baƙi. In ka sa farar riga da safe, da azahar sai ka gabatar da kanka gare ta. Amma na tambayi gidan masu kwal, aka nuna mini. Tsohon nan ban same shi ba. Wasu suka ce ya koma Yaman, wasu suka ce teku ta riƙe shi, kuma masu kwal da suka taɓa ba da ƙyallensu a jirgi ba ɗaya ba ne, balle a gane wanne. Mai gidan, wani ƙaton mutum mai gemu ja da lalle, ya saurari labarin, ya karɓi alawayyon ya ɗora a kansa, ya kira duk wanda ke gidan aka sake ba da labarin. Goron kuwa suka ciza suka dube ni da tausayi. Nawa ƙyallen ya sa a saman kabad ɗinsa. Duk Juma'a in na je cin shinkafa sai ya nuna mini shi ya ce yana nan lafiya, ni fa? Na yi shekaruna ban mutu ba, har na fara jin kunyarsa.

Karatu kuwa na same shi. Malamin nan da ya yi aiki da sojoji, na ba shi labarin Kawu, da tambayoyina na itatuwa da barci. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce shi ma ya yi irinsu da yawa kafin ya koyi zama kusa da mutum ya yi shiru.

Da na dawo, Bafillatanin nan ya riga ya sayar da saniyarsa mai tunani, surukin mahauci kuma ya warke da kansa, don haka sarautata ba ta sami aiki ba. Kawu bai shiga daji ba har ya bar duniya, da digirina da komai. Amma na iske tabarmarsa ta bar kusurwa ta dawo ƙofar shigifa, inda yake zama da mahaifina da hantsi, ɗaya yana ba da labarin Gwanja, ɗaya na teku, Kaka tana gyara musu daga bayan katanga. Wani lokaci nakan zauna kusa da su in yi abin da na je har Ingila na koyo, wato in rufe bakina.

Alawayyona yana nan a cikin adakar. Ya ɗan yi ja a wajen naɗin, kuma in ka sa hanci sosai za ka ji hayaƙin kwal. Maiɗakina ta sha cewa in ba ta ta yi labule da shi tunda na ƙi amfani da shi. Nakan ce ta bar shi, mai shi yana zuwa, ba dai sauri yake ba.